Faɗuwar Ƙafa Bayan Ɗinkin Guringuntsin Gwiwa: Nazarin Lamarin Yarinya 'Yar Shekara 9

Lamarin da za a bi a nan misali ne na koyarwa, wanda aka tsara bisa yadda irin wannan matsala take aukuwa a ɗakin tiyata, kuma babu sunan majinyaciya ko likita ko asibiti a cikinsa. Abin da yake nunawa shi ne cewa a gwiwar yaro, hanyar da aka zaɓa domin kauce wa babbar jijiyar jini tana iya kai allura kan jijiyar lakar da take ɗaga ƙafa, kuma sau da yawa irin dubawar da aka yi a sa'o'in farko bayan tiyata ita take raba lahanin da zai warke da wanda zai zauna.

Yadda ta zo asibiti

Yarinyar tana da shekara 9 lokacin da iyayenta suka kawo ta saboda gwiwarta ta hagu. Sun ce tun tana 'yar shekara 6 gwiwar take yin ƙara idan ta miƙe ta, har ana ganin gefenta na waje ya yi tsalle, amma da yake ba ta kuka da zafi, ba su ɗauke shi a matsayin ciwo ba. A watanni huɗu na baya ne ta fara ɗingishi, ta daina gudu da sa'o'inta, kuma ta kasa miƙe ƙafar sarai ko da a kwance take. Ba ta faɗi ba, ba a buge ta ba. Da likita ya duba, ya tarar miƙewar gwiwar ta gaza da kimanin digiri 15, naman cinyar hagu ya ɗan rame, kuma akwai zafi idan an danna gefen waje na gaɓar. Ya gwada ƙarfin ɗaga ƙafa da taka ta, ya gwada jin taɓi a saman ƙafa da tafinta, ya ji bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu, ya rubuta cewa duk lafiya lau suke. Wannan rubutu na kafin tiyata ya yi amfani sosai daga baya, domin shi ya hana a yi gardama kan lokacin da raunin ya fara.

A kowace gwiwa akwai faifan guringuntsi biyu tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ɗaya a gefen ciki, ɗaya a gefen waje, waɗanda likitoci suke kira meniskus. A yawancin mutane kowannensu yana da siffar jinjirin wata, kuma aikinsa raba nauyin jiki a kan gaɓar ta yadda ba zai taru a wuri ɗaya ba. Hoton MRI ya nuna cewa na wajen wannan yarinya ya zo a shimfiɗe, mai kauri, ya rufe saman ƙashin ƙwauri na wannan gefe gaba ɗaya. Halitta ce da aka fara bayyanawa a rubuce a shekarar 1889, ta fi aukuwa a meniskus na waje, kuma likitan Japan Masaki Watanabe ya kasa ta gida uku: wadda ta rufe saman ƙashin duka, wadda ta rufe wani ɓangare, da wadda ƙarshenta na baya ba shi da maɗauri mai kyau. A hoton yarinyar an ga cewa bayan faifan ya rabu da tantanin da yake kewaye da gaɓar, ya zamo gaba, kuma shi ne yake tokare gwiwar.

Babu wanda ya kawo shawarar a cire faifan gaba ɗaya. Tun 1948 wani likita mai suna Fairbank ya nuna irin lalacewar da take bayyana a hoton gwiwa bayan cire meniskus, kuma yaron da aka cire wa nasa yana da shekaru masu yawa a gaba da zai yi yana taka gaɓar ba tare da shi ba. Haka kuma ɗinki ya fi kamawa a yara, domin lokacin haihuwa jini yana ratsa faifan duka, sannan ya riƙa janyewa zuwa gefe har wajen shekara 10, inda yake komawa kamar na babba, wanda gefensa kawai, kimanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100, yake samun jini. Saboda haka aka tsara a rage tsakiyar faifan ta hanyar tiyatar kyamara, wadda ake shigar da kyamara da kayan aiki ta ƙananan huda a gaban gwiwa, a bar gefe mai faɗin milimita 6 zuwa 8, sannan a ɗinke bayansa a jikin tantanin.

Abin da yake bayan tantanin

Wahalar tana a wannan ɗinki na baya. Kusan duk abin da yake rayar da ƙafa daga gwiwa zuwa yatsu yana bi ne ta ramin bayan gwiwa. Mafi kusa da gaɓar ita ce babbar jijiyar jini mai kai jini ƙafa, wadda ake kira fofilitiyal. A bayanta akwai jijiyar da take mayar da jini, a bayan wannan kuma jijiyar laka ta tibiyal, mai sa a taka ƙafa a kuma lanƙwasa yatsu. A daidai layin gaɓar, jijiyar fofilitiyal ba a tsakiya cif take ba, ta ɗan karkata zuwa waje, wato tana kwance ne a bayan ƙarshen meniskus na waje, daidai wurin da ake son ɗinkewa. Kuma ba ta da sakewa: a sama tana ɗaure a inda ta fito daga naman cinya, a ƙasa tana ɗaure a inda ta shiga ƙarƙashin naman sha-raɓa, don haka ba ta gocewa idan wani abu mai tsini ya nufo ta. Can gefen waje kuma jijiyar laka ta feroniyal tana bin bayan agarar naman bayan cinya da ake kira baisef, ta zagaya wuyan ƙaramin ƙashin ƙwauri a ƙarƙashin fata, sannan ta rabu zuwa reshe biyu. Ita ce take ɗaga ƙafa da yatsu sama, take juya ƙafa waje, take kuma kawo jin taɓi daga saman ƙafa.

A babba ma tazarar da take tsakanin bayan meniskus na waje da jijiyar fofilitiyal ba ta wuce kimanin santimita guda ba. A yaro ta fi haka ƙanƙanta, kuma tana ƙaruwa ne yayin da yake girma. Kayan ɗinkin meniskus kuwa yawancinsu an ƙera su ne da gwiwar babba a zuciya. Wanda ya saba sa iyakar zurfin allura a inda yake sa wa baligi, ya ɗauko wannan sabo ya shiga da shi gwiwar yarinya 'yar shekara 9, zai iya wuce tantanin ya kai inda bai yi niyya ba, alhali a fuskar talabijin ɗin tiyata komai yana tafiya daidai, domin kyamarar ba ta ganin bayan tantani.

Likitan ya san wannan. Kafin ranar tiyata ya buɗe hoton MRI a yankin da ya yanke gwiwar a kwance, ya auna tazarar daga bayan faifan zuwa bangon jijiyar, ya ga ba ta kai santimita guda ba. Ya kuma duba ko akwai wani reshen jijiyar jini da ya rabu da wuri ya bi manne da bayan ƙashi, abin da ake samu a kimanin mutum 2 cikin 100, bai gan shi ba. Daga nan ya auna hanyoyin ɗinki. Akwai wadda ake yi duka daga ciki, da na'ura mai huda tantani ta bar ɗan maƙali a bayansa. Tana da sauri, ba ta bukatar ƙarin yanka, amma tsininta yana shiga wurin da ido ba ya gani. An kuma san cewa idan aka shigar da ita ta hudar gaba ta gefen waje aka nufi ƙarshen bayan meniskus na waje, layinta yana fuskantar jijiyar fofilitiyal kai tsaye, yayin da shigarwa ta hudar gefen ciki take karkatar da tsinin daga jijiyar. Akwai kuma hanyar da likita Charles Henning ya yaɗa, inda ake tura dogayen allurai masu zare daga cikin gaɓa su fito ta wani ɗan yanka a bayan gefen gwiwa, mataimaki ya tare su da ƙarfen kariya, a ƙulla zaren a kan tantanin ana gani. Ya zaɓi ta biyu, kuma a ganina zaɓi ne mai hujja ga faifan da ya rabu da tantani a dogon wuri. Sai dai wannan hanya tana da nata haɗarin da aka sani a gefen waje, wato jijiyar feroniyal. An gaya wa iyayen haɗarin biyu kafin su sa hannu, da kalmomin da za su gane: cewa jini na iya yankewa daga ƙafa, ko ƙafar ta kasa ɗagawa, kuma duka biyun ba safai suke faruwa ba.

A ɗakin tiyata

An sa mata barci, likitan sa barci ya ƙara da allurar kashe zafi a cikin cinya, wadda take kama jijiyar safinos mai kawo ji daga gefen ciki na gwiwa da ƙwauri. An ɗaura abin tsayar da jini a cinya. Da kyamara aka tabbatar da abin da hoto ya nuna, aka rage tsakiyar faifan, aka sa ƙugiya aka ja bayansa, ya taho gaba ba tare da turjiya ba. Sai aka lanƙwasa gwiwar zuwa digiri 90, domin a wannan yanayi agarar baisef da jijiyar feroniyal suna faɗawa baya, aka yi yanka a bayan maɗaurin gefen waje, aka shiga ta gaban agarar, aka ɗaga kan naman sha-raɓa daga jikin tantanin. A wannan rata ake sa ƙarfen kariya. Wanda yake cikin kayan ya yi wa ramin girma, don haka aka yi amfani da ƙaramin cokali da aka tsabtace domin tiyata, kamar yadda likitocin ƙashi da dama suke yi.

Ɗinki uku na farko sun fito a cikin cokalin, mataimaki ya kama allurar kowannensu yana kallo. Na huɗu shi ne mafi nisa a baya, kuma domin a buɗe wurin sai aka ɗan sassauta lanƙwasar gwiwar aka ƙara murɗa ƙafar. A wannan motsi cokalin ya goce daga mazauninsa. Daga cikin allurai biyu na wannan ɗinki, ɗaya ta fito inda ake jiranta, ɗayar kuma ta fito ta bayan bakin cokalin, mataimaki ya lalubo ta a cikin nama ya jawo ta cikin yankan. An ƙulla zaren ba tare da an bi kowane silinsa an ga cewa daga tantani ya fito kai tsaye ba. A cikin gaɓa ɗinkin ya zauna da kyau, faifan ya daina motsi. An kwance ɗaurin cinya bayan minti 70, tun kafin a rufe yankan, aka jira a ga ko jini zai taso daga baya, bai taso ba. Ƙafar ta yi ɗumi, bugun jini ya dawo. An rufe, aka naɗe, aka sa abin riƙe gwiwa.

Sa'o'in da suka biyo baya

A ɗakin farfaɗowa an rubuta cewa yatsu suna motsi kuma ƙafa tana da ɗumi. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su amsa tambayar da ta kamata ba. Idan aka ce wa yaro mai magagin barci ya motsa yatsunsa, abin da zai yi shi ne ya lanƙwasa su ƙasa, kuma wannan aikin jijiyar tibiyal ne. Da ya saki, yatsun za su koma mazauninsu da kansu, mai kallo ya ɗauka sun tafi ƙasa sun dawo sama. Jijiyar feroniyal ba ta shiga wannan gwaji ba ko kaɗan. Gwajinta shi ne a ce wa yaron ya jawo babban yatsansa da ƙafarsa zuwa wajen fuskarsa, mai dubawa ya ɗora yatsa a kai ya ji ƙarfin, sannan ya shafa fatar da take tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya tambaya ko ya ji kamar yadda yake ji a ɗaya ƙafar.

Da yamma mahaifiyar ce ta lura. Ta ga ƙafar dama a tsaye a ƙarƙashin mayafi, ta hagu kuma ta langaɓe ƙasa ta karkata ciki. Yarinyar tana cewa, “Mama, saman ƙafata yana ƙuna kamar wuta, kuma in kin taɓa ba na ji sosai.” Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce mata, “'Yata, jawo mini babban yatsan nan sama, kamar za ki nuna hancinki da shi.” Yarinyar ta yi ƙoƙari har goshinta ya tattare, yatsan bai motsa ba. Likitan da yake kan aiki ya fara danganta abin ga allurar kashe zafi, ya ce a jira ta sake. Ma'aikaciyar ba ta gamsu ba, ta kira likitan da ya yi tiyatar, kuma daidai ta yi. Allurar da aka yi a cinya tana kama reshen jijiyar gaban cinya ne, jijiyar feroniyal kuwa daga babbar jijiyar bayan cinya ta fito. Gaskiya ne cewa wani lokaci maganin yakan gangara ya kai bayan gwiwa, amma ƙafar da magani ya kashe ba ta ƙuna, kuma wannan ƙunar ita ce alamar da bai kamata a wuce ta ba.

Da likitan ya iso, bai fara da jijiyar laka ba, ya fara da jini, kuma tsarin da ya dace ke nan. Jijiyar laka da aka matse tana iya jure sa'o'i, amma naman da jini ya yanke masa yana fara mutuwa cikin sa'a 6 zuwa 8, bayan haka kuma batun yanke ƙafa ake yi. Rashin ji da rashin motsi suna cikin alamun yankewar jini, don haka duk ƙafar da ta kasa ɗagawa bayan an yi aiki a bayan gwiwa, sai an wanke jijiyar fofilitiyal daga zargi kafin a ce matsalar ta laka ce kawai. Ya ji bugun jini a wurare biyun ya kwatanta da ɗaya ƙafar, ya danna farce ya ga jini ya dawo nan take, ya sa na'urar Dofla mai sauraron gudanar jini, ya auna hawan jini a idon sawu ya raba da na hannu. Ana ɗaukar sakamakon da ya gaza 0.9 a matsayin dalilin yin hoton jijiyoyin jini. Nata ya haura haka, daidai da na ƙafar dama. Ya shafa bayan gwiwa bai ji kumburi mai bugawa ba. Ya matsa sha-raɓa da gaban ƙwauri ya ji su da laushi, ya lanƙwasa yatsun ya miƙe su da hannunsa, zafin bai ƙaru ba.

Wannan gwaji na ƙarshe yana neman wata matsala ce ta daban, wato taruwar matsi a cikin ɗakunan nama huɗu na ƙwauri, wadda jini ko ruwan tiyatar kyamara da ya tsere ta tsagar tantani zai iya haddasawa. Yara ba sa iya bayyana ta kamar manya. Abin da ake lura da shi a wurinsu shi ne rashin natsuwa, da tsoro mai ƙaruwa, da bukatar maganin zafi fiye da yadda aikin da aka yi ya kamata ya jawo. Bugun jini yana iya kasancewa har nama ya lalace, saboda haka jin bugu kaɗai ba ya kore ta.

Da aka kawar da waɗannan, sai aka koma kan abin da ya taɓa jijiyar feroniyal. Ɗaurin cinya yana iya sage jijiyoyi, amma minti 70 bai kai iyakar sa'a biyu da aka saba kiyayewa ba, kuma da shi ne da ba zai zaɓi jijiya guda ya bar tibiyal da ƙarfinta ba. Matsi a wuyan ƙaramin ƙashin ƙwauri, daga bandeji ko abin riƙe gwiwa ko yadda aka ajiye ƙafar a kan gado, shi ne dalili mafi sauƙin gyarawa, don haka aka kwance komai aka ɗan lanƙwasa gwiwar. Babu shaidar matsi a fatar wurin. Da ya ƙwanƙwasa bin hanyar jijiyar da yatsa, a wuyan ƙashin ba ta ji komai ba, amma a daidai bayan yankan sai ta zabura, ta ce wani abu ya tsarga mata har saman ƙafa. Likitan ya tuna allurar nan ta huɗu, ya tambayi mataimakinsa yadda ta fito, mataimakin ya faɗa masa dalla-dalla.

Shawarar komawa

A nan ne ra'ayi ya kan rabu. Yawancin raunin jijiyar laka bayan tiyata sagewa ce ta ɗan lokaci, wadda take warkewa da kanta, kuma gwajin wutar jijiya da nama ba ya ba da cikakkiyar amsa sai bayan kimanin mako uku. Wannan yakan sa a ce a jira a gani. Jira yana da ma'ana idan ba a san dalilin raunin ba, ko kuma raunin kaɗan ne yana raguwa. Amma idan ƙafa ta faɗi gaba ɗaya nan take bayan an wuce da allura kusa da jijiyar, ga ƙuna, ga wurin da yake tsargawa a daidai ɗinkin, ga kuma allurar da aka san ta kauce wa kariya, to jiran mako uku yana nufin barin zare a shaƙe da jijiya tsawon mako uku. Ban ga hujjar da za ta kare wannan ba. An bar daren ya wuce ana duba jini da motsi kowace sa'a, domin a ba allurar kashe zafi damar sakewa. Da safe jin gefen ciki na ƙwauri ya dawo, alamar maganin ya tafi, ƙafar kuma tana nan a faɗe.

Likitan ya zauna da iyayen ya gaya musu abin da yake zato ba tare da kwana-kwana ba: cewa mai yiwuwa ɗaya daga cikin zaren da aka ɗinka ya kama jijiyar, cewa a lokacin tiyatar abin ya faru, kuma yana son komawa ya duba a ranar. Mahaifin ya tambaya, “Likita, ƙafar za ta dawo?” Ya amsa masa cewa amsar tana ga abin da za a tarar, kuma zai faɗa musu da zarar ya fito.

An tsawaita yankan, aka nemo jijiyar daga sama inda take lafiya a bayan agarar baisef, aka bi ta zuwa ƙasa. A daidai layin gaɓar aka tarar da zaren na huɗu ya zagaye ta ya manne ta da tantanin. Allurar ba ta huda ta ba, ta bayanta ta wuce, ƙullin ne ya shaƙe ta. Da aka yanke zaren, an ga wurin ya shiga ciki ya yi fari, sama da shi ya kumbura, amma rigar jijiyar ba ta yage ba, kuma cikin 'yan mintoci ƙananan jijiyoyin jinin da suke jikinta suka fara cika. Aka saki jijiyar har zuwa wuyan ƙashi domin kumburi ya sami wuri, aka kare ta ana ganinta, aka sake ɗinkin na huɗu, aka ƙulla shi a kan tantani tsirara.

Warkewa

A 1943 wani likita mai suna Seddon ya kasa raunin jijiyar laka gida uku. A mafi sauƙi saƙo ne kawai yake tsayawa, zaruruwan ciki suna nan, kuma ana warkewa cikin kwanaki ko makonni. A na tsakiya zaruruwan sun mutu daga wurin rauni zuwa ƙasa amma rigarsu tana nan, don haka suna sake tsirowa su bi tsohuwar hanyarsu, da saurin kimanin milimita guda a rana. A mafi muni jijiyar ta tsinke, kuma ba ta dawowa sai an ɗinke ta ko an yi mata dashe. Gwajin wuta da aka yi wa yarinyar bayan mako huɗu ya nuna haɗin na farko da na biyu.

Ƙunar ta ragu tun ranar da aka cire zaren. An yi mata takalmin roba mai riƙe ƙafa a tsaye, domin kada yatsunta su riƙa jan ƙasa, kuma kada agarar dunduniya ta ƙanƙance yayin da naman gaba yake kwance. Masu gashin ƙashi sun sha aiki biyu a lokaci guda, domin ɗinkin meniskus yana bukatar a taƙaita taka ƙafa da lanƙwasa gwiwa na wasu makonni, jijiyar kuma tana bukatar a riƙa motsa idon sawu kullum. An koya wa mahaifiyar yadda za ta riƙa duba fatar saman ƙafar, tunda yarinyar ba za ta ji ba idan takalmin ya goge ta. A mako na shida aka ga agarar gaban idon sawu ta ɗan motsa. A wata na uku tana ɗaga ƙafar, ko da yake ba ta iya turje wa hannun likita. A wata na biyar ƙarfin ya kai 5 bisa 5 a ma'aunin da ake amfani da shi, sai babban yatsa da ya ɗan yi jinkiri, aka cire takalmin. Wani ɗan wuri a saman ƙafar ya ci gaba da jin taɓi dishi-dishi har bayan shekara guda.

Da allurar ta nufi tsakiya

Ya kamata a faɗi yadda lamarin zai kasance da jijiyar jini ce abin ya shafa, domin ba koyaushe take bayyana da zubar jini a ɗakin tiyata ba. Ɗaurin cinya yana ɓoye zubar, kuma huda ƙarama tana iya toshewa na ɗan lokaci. Bayan kwanaki ko makonni sai yaro ya dawo da kumburi mai bugawa a bayan gwiwa, wanda jini ne ya taru a wajen bangon jijiyar yana shiga yana fita, ko kuma hudar ta haɗa jijiya mai kai jini da mai mayarwa, ko gudan jini ya toshe hanyar. Ƙananan rassan da suke kewaye da gwiwa suna iya riƙe ɗumin ƙafa na ɗan lokaci su ruɗi mai dubawa. Akwai kuma wani ƙaramin reshe da yake bin gefen meniskus na waje, wanda idan an huda shi yakan cika gwiwa da jini sau da sau bayan tiyata. Saboda haka iyayen duk yaron da aka yi wa ɗinki a bayan gwiwa suna bukatar su bar asibiti da sanin abin da zai dawo da su a ranar, ba sai ranar da aka ba su ba: ƙafa ta yi sanyi ko ta canza launi, zafi mai ƙaruwa da magani ba ya kwantar da shi, kumburi a bayan gwiwa, ko yatsan da ya daina ɗagawa. A gefen ciki na gwiwa haɗarin ya fi karkata ga jijiyar safinos da reshenta da yake bi ta ƙasan ƙoƙon gwiwa. Rauninta ba ya hana motsi, amma yana barin mutuwar fata ko ƙulli mai zafi da yake hana yaro durƙusawa.

Bayan wannan lamari sashen ya sauya abu uku a aikinsa. Duk allurar da ba ta fito a cikin ƙarfen kariya ba, ana zare ta a sake turawa, ba a lalubo ta. Duk lokacin da aka sauya lanƙwasar gwiwa ana tsayawa a sake zaunar da kariyar, kuma kafin a ƙulla kowane zare sai an bi silinsa biyu da ido har jikin tantani. A takardar ɗakin farfaɗowa kuma an cire layin da yake cewa yatsu suna motsi, aka sa ɗaga babban yatsa da taka ƙafa kowanne a layinsa, tare da sunan jijiyar da allurar kashe zafi ta kama, domin wanda yake kan aikin dare ya san raunin da allurar za ta iya bayyanawa da wanda ba za ta iya ba.

Gwiwar yarinyar tana miƙewa sarai, ƙarar ta ɓace, kuma ta koma wasanni a wata na takwas. Za a ci gaba da ganinta har ta gama girma, domin faifan da aka rage yana iya sake yagewa, kuma guringuntsin ƙashin cinya da yake samansa yana bukatar sa ido. Da yake irin wannan halitta takan kasance a gwiwa biyu, an duba ta dama ita ma. Ba ta ƙara, ba ta zafi, tana miƙewa daidai, don haka ba a taɓa ta ba.